Bazazzage, Fim Ɗin Ɗanka Rowa Yake Nema

Malam Bazazzage, bayan gaisuwa irin wadda ubangida kan yi wa baransa ranar da ya tashi da farin ciki, ina fata an sha fate lafiya, an kuma gyara wa liman karatu kamar yadda aka saba.

Shekara da shekaru kana cika mini kunne da cewa mu Kanawa ne muka lalata harkar fim a ƙasar Hausa. Wai mun ɗauki sana'ar masu ilimi mun kai ta bakin kasuwa mun kasa, wai ba mu san komai ba sai nawa aka kashe, nawa za a samu. A cewarka bai kamata a bar mutum ya taɓa kyamara ba sai ya zauna a aji shekara huɗu, ya haddace sunayen Turawan da suka yi rubutu a kan haske da inuwa. Na yi ta jinka ban tanka ba, don mai shago ba ya musu da wanda bai zo da kuɗi ba. Sai ga shi Allah ya kawo ranar da mai ilimi ya aiko wa ɗan kasuwa takarda, takardar kuwa ta neman gudummawa ce.

Na karanta ta tsaf. Ɗan wanka da ke shekarar ƙarshe a makarantarsu zai shirya fim ɗin kammala karatu, shi da abokansa. Fim ɗin faɗa ne, na 'yan sanda da masu safarar ƙwaya. Madalla. Sai na juya shafi na biyu inda aka jera abin da ake bukata: hayar manyan motoci masu baƙin gilashi, hayar ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ɗakin otal inda bos zai zauna yana kaɗa ƙafa, kwat da takalman yaran bos, abincin ma'aikata safe da rana da dare. Can ƙasa kuma wani layi da aka rubuta "da sauransu", wanda kuɗinsa ya fi na motocin. Wannan layin kai ka ƙara shi, na san hannunka.

Yaron ya haɗo mini da tirelar da suka gwada ɗauka. Bos na zaune cikin baƙar kwat a tsakiyar zafin bazara, gumi na zuba, da baƙin tabarau a ɗakin da ko fitila babu. A hannunsa kofin gilashi cike da zoɓo, yana juya shi a hankali, wai shi abin sha mai tsada. Ya ɗaga waya ya ce a kashe wane, sai dai ban ji sunan wanen ba saboda janaretan maƙwabta da wani zakara da ya ga dama ya yi cara a daidai lokacin. Aka buɗe jakar kuɗi, iska ta ɗaga takardar dubu ɗaya da ke sama, sai ga yankakkiyar jarida a ƙasa. Aka yi harbi da bindigar katako da aka shafa wa baƙin fenti, ƙarar kuwa ta igwa ce da aka sauko da ita daga intanet, ta kuma iso ne bayan wanda aka harba ya riga ya faɗi. Gawar ta kwanta cikin jinin tumatirin gwangwani, cikinta na hawa yana sauka, da ƙuda ya matsa mata sai ta kore shi.

Na yi dariya har yaran shagona suka leƙo. Amma bindigar katako ba aibu ba ce, zoɓo ma ba aibu ba ne. Abin da ya dame ni shi ne yaran sun ɗauka kuɗi ne kaɗai ya rage musu, kai kuma babban malami ka sa musu hannu. To, ba zan ba da ko sisi ba. Labari zan ba ka, tunda ku da magana kuke ƙoshi.

A shekarar 1991 akwai wani ɗalibi a Jami'ar Teksas da ke birnin Austin a Amurka, sunansa Robert Rodriguez, ɗan shekara 23, na uku cikin 'ya'ya goma a gidansu a San Antonio. Ka saurari wannan da kyau don na san zai yi maka ciwo: da farko sashen koyar da fim na jami'ar bai ɗauke shi ba, makinsa bai kai ba. Da kai ne mai tantancewa, da ka raka shi bakin ƙofa da doguwar lacca. Sai ya riƙa zanen barkwanci a jaridar ɗalibai, yana ɗaukar ƙananan finafinai da ƙannensa a gida, har ya ci wata gasa aka buɗe masa ƙofa. Da ya shiga ya yi wani ɗan gajeren fim mai suna Bedhead, da ƙannen nasa dai, ya ciwo kyaututtuka da shi.

Daga nan ya ƙudurta yin cikakken fim a hutun ƙarshen shekara. Ba wai don ya girgiza duniya ba. Niyyarsa ya yi fim ɗin harbe-harbe mai arha da Sifaniyanci, ya sayar wa dillalan kaset masu kai wa 'yan Meziko mazauna Amurka kaya, ya mayar da uwar kuɗi da 'yar riba, ya sake yin wani, ya riƙa koyon aiki a inda babu wanda zai gan shi balle ya yi masa dariya. Ka ji tunanin mutumin kirki. Wannan lissafin ɗan Kantin Kwari ne tsantsa: ka san mai sayenka, ka duba abin da ke cikin shagonka kafin ka yi alkawari, kada ka taɓa uwar kuɗi.

Kuɗin kuwa bai aika wa kawunsa takarda ba. Wani kamfanin gwajin magunguna ya je a nan Austin, ya ba da jikinsa aka gwada maganin rage kitsen jini a kansa. Ya yi kusan wata guda a kulle a can, ana ɗibar jininsa, aka biya shi dala 3,000. A kan gadon nan ya rubuta labarin fim ɗin, a nan kuma ya haɗu da wani da shi ma ya zo neman na kashewa, Peter Marquardt, ya ce masa kai ne bos ɗina.

A nan zan ɗan ajiye wasa. Mu a Kano ba ma dariya idan aka ambaci gwajin magani, tun abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009. Shi Rodriguez baligi ne, ya karanta takarda ya sa hannu da kansa aka biya shi. Duk da haka ban ce a tura yaron mutane ba. Kai dai idan kana da sha'awa ba zan hana ka ba, sai dai ina tsoron su ɗebi jinin su tarar da rama da yakuwa.

Ya haɗa abin da ya samu da na abokinsa Carlos Gallardo, suka tsallaka iyaka zuwa garin su Gallardo, Ciudad Acuña, a jihar Coahuila ta Meziko, daura da garin Del Rio na Teksas. To ga inda nake so ka kira yaron ya zauna kusa da kai. Rodriguez bai rubuta labari sannan ya fita neman kayan da labarin ke so ba. Abin da za su iya samu kyauta ya fara jerawa: akwai mashaya, akwai gidan gona, akwai babur, akwai bas, akwai wani kare mai faɗin baki, akwai jita da akwatinta. Sai ya ɗinka labari daidai jikin kayan nan. Wani makaɗi mai yawo da jita, irin waɗanda a can ake kira mariyaci, ya shigo gari neman inda zai yi kiɗa a ba shi na abinci, sanye da baƙaƙen kaya. A ranar kuma wani ɗan ta'adda mai suna Azul ya fito daga kurkuku, shi ma da baƙaƙen kaya, shi ma da akwatin jita, sai dai tasa cike take da makamai. Yaran Moco, uban masu safarar ƙwaya, an ce musu su kashe mai baƙaƙen kaya da akwatin jita. Shi ke nan, labari ya tashi. Akwati ɗaya ya ɗauki fim ɗin El Mariachi tun daga farko har ƙarshe. Har kunkurun da suka tsinta a bakin hanya sai da aka ba shi fitowa, bai kuma nemi kuɗin abinci safe da rana da dare ba.

Kyamarar aro ce, tsohuwar Arriflex mai cin fim ɗin naɗi na milimita 16, wanda sai an saya da tsada, an ɗauka, an kai wanki da tsada. A nan mafi yawan kuɗin ya tafi. Don haka kowace daƙiƙa da kyamara ke juyawa kuɗi ne ke zuba, ba irin wayar ɗanka ba da za a yi ta maimaita fitowa ɗaya har magariba. Kusan komai sau ɗaya ya ɗauka. Idan ɗan wasa ya yi tuntuɓe a tsakiya, ba a komawa farko, sai ya matsa gefe ya ci gaba daga inda aka tsaya, a wurin haɗa hoto ya yanke kuskuren. Mai kallo sai ya ɗauka kyamara uku aka kafa.

Ma'aikata babu. Shi ne darakta, shi ne mai kyamara, shi ne mai haske, shi ne mai sauti, shi ne edita. Hasken fitilun tebur ne guda biyu. Inda ake son kyamara ta bi mutum a guje, keken marasa lafiya aka aro daga asibiti, ya zauna a ciki da kyamara ana tura shi. Faɗan farko a ainihin gidan yarin garin aka ɗauka, matar da ta fito a mai tsaro da abokin aikinta kuwa aikinsu ke nan na gaske, da kakinsu suka zo, an huta da kuɗin tela. Wasu 'yan jaridar garin biyu suka fara sukar aikin, sai ya ba su fitowa a fim ɗin, magana ta mutu. Ka ga wannan dabarar ko mu sai mu sara masa.

Bindigogi wasu na ruwa ne, na wasan yara, wasu kuma na gaske ne da 'yan sandan garin suka ba su aro. Sai aka samu matsala: bindiga mai sarrafa kanta idan aka sa mata harsashin wofi, sau ɗaya take tashi ta cije. Bai zauna kuka ba. Ya ɗauki harbi ɗayan nan, ya maimaita hoton a wurin haɗawa, ya sa aka riƙa watsa kwanson harsashi a ƙasa yana ɗauka, ya ɗora ƙara a kai. Sai ka rantse ruwan wuta ake yi. Wata matsalar kuma, kisa ya yi yawa har magidantan da za su fito a yaran bos suka ƙare, tunda wanda ya mutu ba ya dawowa. Idan ka lura, fim na tafiya yaran bos na ƙara ƙuruciya, kafin a kai ƙarshe samari ne 'yan bana bakwai. Shi kuwa bos ɗin da aka samo a gadon gwaji ba ya jin Sifaniyanci ko kaɗan, a kati ake rubuta masa magana yana karantawa, da ɗaure fuska kamar ya san abin da yake faɗa. Na san wani Bazazzage da ya shekara talatin yana cin abinci da wannan baiwar.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne sauti, don a nan zakara ya kayar da ɗanka. Kyamarar nan ƙara gare ta, ba a iya ɗaukar magana tana aiki. Sai ya ɗauki hoto shiru, ya ajiye kyamara, ya ɗauko rikoda mai kaset, ya matso da makirfo kusa da bakin ɗan wasa ya ce maimaita abin da ka faɗa yanzu, yadda ka faɗe shi. Da ya koma Teksas ya zauna yana daidaita murya da leɓe da hannu, jimla bayan jimla. Duk inda murya ta fara zame wa baki, sai ya yanke ya nuna wani abu: fuskar mai sauraro, ko hannu, ko karen nan. Shi ya sa fim ɗin ke tsalle daga hoto zuwa hoto da sauri. Da ya fito, masana irinka suka gyara zama suka ce ga sabon salo, ga zafin nama, ga hikimar yanka hoto. Alhali ɓaraka yake rufewa. Ina da yaƙinin a cikin littattafan da ka tara har rufin ɗaki akwai wanda ya yi babi guda a kan wannan salo, kai kuma ka ja masa layi da jan biro.

Kwana 14 aka yi ana ɗauka. Abin da aka kashe dala 7,000 ne da ɗoriya, ƙasa da 9,000 ɗin da ya tanada. Ɗalibi ya yi kasafi, ya gama aiki, canji ya rage. Ka karanta wa ɗan wanka wannan jimlar sau uku bayan sallar asuba.

Ya ɗauki kaset ya tafi Los Angeles wajen dillalan da ya yi domin su, ciniki bai faɗa ba. Ana cikin haka ya miƙa wa wani wakilin 'yan fim kaset ɗin don dai a ga irin aikinsa, sai manyan kamfanoni suka fara rububi, Columbia Pictures ta saye. Ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin finafinai na Sundance a 1993, aka sake shi a silima a shekarar, ya kawo dala miliyan 2. A 2011 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasa ke adanawa don tarihi.

Na san ka, yanzu ka fara gyaran murya za ka ce ai akwai lauje cikin naɗi. Bari in riga ka, don kada ka ji daɗin kama ni. Gaskiya ne, abin da mutane suka gani a silima ba na dala 7,000 ba ne kaɗai. Columbia ta kashe wajen dala 200,000 ta mayar da shi kan babban fim na silima ta gyara sauti, ban da kuɗin talla. Gaskiya ne kuma yaron ba daga sama ya faɗo ba, tun yana ƙarami yake wasa da na'urar bidiyon babansa, yana haɗa hoto daga wannan kaset zuwa wancan, har hannunsa ya faɗa. Amma duk wannan ni yake goya wa baya. Kuɗin kamfani ya zo ne bayan an ga kaya a ƙasa. Babu wanda ya ba shi dala ɗaya a kan takarda mai layin "da sauransu". Da aka ba shi dala miliyan 7 ya yi Desperado a 1995 da Antonio Banderas da Salma Hayek, wato ninki dubu na kuɗin farko. An fasa motoci, an tashi gobara, an yi ado. Ni dai har gobe na farkon nake so, don a cikinsa ne kake ganin mutum yana tunani da aljihunsa.

Digirin fa? Sai a 2009 ya koma ya kammala. Da a hannunka yake, da tuni ka rubuta masa takardar kora ka kuma kafa misali da shi a gaban 'yan aji ɗaya.

Kada ka ce ai wannan Amurka ce, ko tsiyarsu ta fi wadatar wani. Mu gangaro Yuganda. A unguwar talakawa ta Wakaliga a Kampala akwai Isaac Nabwana, wanda bulo ya riƙa bugawa yana sayarwa har ya sayi kyamara. Shi ko ɗalibin fim bai taɓa zama ba. A 2010 ya fitar da Who Killed Captain Alex? a kan abin da bai kai dala 200 ba: sojoji, gungun 'yan ta'adda, 'yan kunfu, jirgi mai saukar ungulu yana rusa gine-ginen Kampala, duk a kwamfutar da ya harhaɗa da hannunsa daga tsofaffin sassa. Bindigoginsu wani maƙeri a cikinsu, Dauda Bisaso, ke ƙera su da ƙarafan bola. Da ya gama fim ɗin ma goge asalinsa ya yi daga kwamfutar don ya samu wurin zuba na gaba. A kan hoton kuma akwai muryar wani mai sharhi, VJ Emmie, yana fassara yana tsokana yana ihu, abin da duk wanda ya saba kallon fassarar finafinan Indiya a nan zai gane nan take. 'Yan wasan da kansu suke bi gida-gida da kayan fim a jikinsu suna sayar da faifai, da gaggawa, kafin masu satar fasaha su riga su. Har fim ɗin ya ƙare ba a faɗi wanda ya kashe Kyaftin Alex ba, mutane kuma ba su nemi a mayar musu da kuɗinsu ba. A 2016 wani fim ɗinsa, Bad Black, ya ci kyautar 'yan kallo a bikin Fantastic Fest. A ina? A Austin, garin da aka ɗebi jinin Rodriguez.

Na san kuma za ka jawo yaran nan na Kaduna, The Critics, ka ce ai ƙasar Zazzau ce, naku ne. Waɗanda suka riƙa yin finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, suka koyi haɗa hoto a intanet, har labarinsu ya zaga duniya a 2019, daga baya J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. To na ji, naku ne. Sai dai ka lura ba su aiko wa kowa takarda ba kafin su fara. Ina kyautata zaton akwai jinin Kano a wajen uwa.

Mu kuwa da kake zagi, da aka yi Turmin Danya a 1990, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ba su jira gwamnati ko digiri ba. Kyamarar bidiyo suka samu suka ɗauka suka kai kasuwa, daga nan masana'anta ta tashi wadda yau ɗalibanku ke rubuta kundin digiri a kanta. Mu mu yi, ku ku yi sharhi. Za ka ce rawa da waƙa sun cinye mu, an ji, ba a musa ba. Za ka kuma tuna mini cewa a 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Haka ne, don haka ma yaron ya san irin kayan da zai ɗauko idan yana so ya shigo da su kasuwarmu. A ƙasar da ake kwana da fargabar masu bindiga na gaske, wanda zai sa bindiga a fim sai ya san abin da yake so ya ce da ita. Wannan ba Kano kaɗai ba.

Saboda haka ga abin da za ka gaya masa. Ya yaga shafi na biyu. Ya ɗauki biro ya zaga gari ya rubuta abin da Allah ya hore muku kyauta. Kuna da ganuwa da ƙofofinta, kuna da lungunan cikin birni da baƙo ke shiga ya kasa fita, kuna da duwatsun Kufena, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da cunkoson Kwangila, da gonakin rake da mutum zai shige a neme shi a rasa. Wane ɗakin otal ne ya kai waɗannan? Sannan ya bar masu safarar hodar Iblis da jakar dala, bai taɓa ganin ko ɗaya ba sai a fim ɗin wasu, shi ya sa bos ɗinsa ke shan zoɓo da tabarau. Ya nemi laifin da ya sani. Ga ɗan acaɓa da ya karɓi babur biya kaɗan-kaɗan, saura zubi ɗaya ya zama nasa, aka sace a ƙofar masallaci. Mai babur na jiran kuɗinsa ranar Juma'a. Ya bi sawu daga bakanike zuwa dillali, daga dillali zuwa masu sayar da sassa, kowa na tura shi gaba, kowa da abin da yake ɓoyewa. Babur ɗaya ake bukata, da gora, da ƙafafun gudu, da mai kyamarar da ya san inda zai tsaya. Duk wanda ya kalla zai riƙe numfashi, don ya san wani da aka yi wa haka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sauti kuma ya yi yadda Rodriguez ya yi. Waya ɗaya ta ɗauki hoto, wata ta matso kusa da baki ta ɗauki murya, a roƙi maƙwabci ya kashe janareta na minti goma, zakara kuma a yanka shi a ciyar da ma'aikata. Ka ga an kashe layi biyu na kasafin da wuƙa ɗaya.

Kai ma na samo maka fitowa, kada ka ce na manta da kai. Na so in ba ka bos, sai na tuna bos a fim ɗin faɗa kalma uku yake faɗa a kashe mutum, kai kuwa kafin ka gama shimfiɗa da gabatarwa da ma'anar kisa a lugga da isɗilahi, jarumi ya tsere ya kai Funtuwa. Don haka gawa za ka fito. Za ka kwanta a bakin ganuwa minti biyu ba ka ce komai ba. Na san zai yi wuya, amma idan ka iya, mutanen gidanka da kansu za su sayi faifan don su riƙa kunnawa suna kallon abin da ba su taɓa gani ba.

Saura abu ɗaya, shi kuma ba wasa a ciki. Rodriguez wurin 'yan sanda ya ari bindiga, wato sun san da zamansa tun kafin ya kunna kyamara. A nan kuwa samari biyar su fito lungu da fuska a rufe, da katako mai siffar bindiga, kafin darakta ya ce akshin 'yan sintiri sun iso, jama'a sun taru da duwatsu, babu mai tsayawa tambayar ko fim ne. Ya karɓi takarda daga makaranta, ya kai wa DPO, ya kai wa mai unguwa, a sanar a masallaci, a yi aikin da rana tsaka, a kuma ajiye wani dattijo da kowa ya sani a kusa. Idan aka yi kunnen ƙashi aka kwashe su, kada a kira ni beli, ranar ina da baƙi daga Damagaram. Kai za ka je da kanka. Ka zauna a gaban DPO ka fara masa bayanin tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girkawa, na tabbata kafin la'asar zai sake su, ya haɗa musu da kuɗin mota, ya roƙe su su tafi da kai.